Kyamara Ta Uku

Shafi na 17

Masu cika min waya da saƙon "ina ci gaba, ina ci gaba", ku sassauta min, hannu biyu gare ni. Wadda ta rantse idan wani abu ya sami Baba ba za ta ƙara karanta rubutuna ba, na gani, na kuma adana. Mu je zuwa.

*

Ko jakar kayan aikinta ba ta sauke ba Umma ta kamo hannunta ta ja ta gaban talabijin.

"Kalli nan. Kalli da kyau, kada ki ce min tsufa ne ya taɓa min ido."

Injiniya ta kalla.

Allon a rabe yake gida huɗu, yadda ta saita shi da hannunta wata biyar da suka wuce, satin da aka sallamo Baba daga asibiti ɓarin jikinsa na hagu a shanye. Kyamara ta ɗaya ƙofar gida, tar. Ta biyu baranda, tar. Ta huɗu gareji, har lambar mota ana karantawa.

Ta uku kuwa, wadda ke kallon farfajiyar baya inda Baba ke shan iska kullum da rana, sai dishi-dishi kamar an watsa mata yashi. Layuka na gudu daga sama zuwa ƙasa, hoton ya zo ya ɗauke, ya zo ya ɗauke.

"Tun yaushe take haka?"

"Ta fi sati biyu, kullum ƙara lalacewa take. Amma ba wannan ne ya sa na kira ki ba." Umma ta rage murya. "Jiya na ga mutum."

"Mutum kuma?"

"Mutum! Kin san likita ya ce in riƙa kwanciya rabin awa bayan abincin rana saboda hawan jinina. To jiya barci ya ƙi. Na fito shan ruwa, idona ya faɗa kan allon nan. Inuwa na gani a cikin yashin, doguwa, tana bin jikin katanga a hankali tana lalube. Kafin in nemo takalmi, in yi fama da makullin kicin ɗin nan da sai an lallashe shi, na fita babu kowa. Sai babanki a kekensa, gumi ya jiƙa shi sharkaf."

Daga gefen taga Baba ya yi gyaran murya. Yana zaune a kekensa na marasa lafiya, jarida a cinya. Maganarsa ta dawo, sai dai har yanzu harshen na ɗan nauyi.

"Malama, na ce miki kyanwa ce."

"Kyanwa mai tsawon ƙofa?"

"Ta maƙwabta ce. Suna kula da ita sosai."

Injiniya ta danne dariyarta.

Umma ba ta yi dariya ba. "Kina ji ko? Wasa ya mai da abin. Mutumin da ko ƙuda ba zai iya kora da hannun hagu ba, wani ƙato ya hauro ya same shi shi kaɗai, ni ina ciki ina barci. Me zan ce wa kaina?"

Muryarta ta karye a ƙarshen maganar. Injiniya ta ajiye jaka ta dafa kafaɗarta.

"Ki kwantar da hankalinki, Umma. Yau sai na gano inda matsalar take."

"Talabijin ɗin ce," in ji Baba da sauri. "Ta tsufa. Sa'ar ƙaninki ce fa."

Ta juya ta dube shi. Shekara talatin Baba ya yi yana aikin wutar lantarki. Shi ya fara damƙa mata filaya tana 'yar shekara tara, shi ya laƙaba mata Injiniya tun ba ta iya rubuta kalmar ba.

"Baba, idan talabijin ce, ai duka huɗun za su lalace, ba ɗaya ba."

"To wayar HDMI ce."

"Ita ma duka huɗun take ɗaukowa."

"Uhm."

"Kai ka koya min fa. Ka ce kada in zargi gari gaba ɗaya alhali gida ɗaya ne ba wuta."

"Na faɗi haka?"

"Ka faɗa."

"To lokacin ina da lafiya ne."

Duk da haka ta zare wayar daga bayan talabijin, ta hure bakin, ta mayar. Ta ɗauki rimot ta fita daga tashar ta sake shiga. Ta uku na nan yadda take.

Ta durƙusa gaban akwatin da ke naɗar hotunan, ta kwance wayar kyamara ta uku ta ɗaura ta a gurbin ta ɗaya, ta ɗayan kuma ta mai da ita gurbin ta uku.

"Umma, me kika gani?"

"Yashin ya yi ƙaura. Ya koma sama."

"Yawwa. Akwati lafiyarsa lau ke nan. Ciwon ya bi wayar."

"Adafta ce," in ji Baba. "Wutar ba ta isar ta. Ki tafi da ita shago kawai, ki dawo wani satin."

Ta ciro mita ta auna.

"Sha biyu cif, yadda ya kamata."

"Mitarki na ƙarya."

"Mitarka ce, Baba. Wadda ka ba ni ranar da na buɗe shago."

Ya ɗaga jarida ya rufe fuska.

Nan ne wani abu ya ɗarsu a ranta. Mutumin da ko ƙwan fitila ne ya mutu a gidan maƙwabta sai ya san dalili, yau shi ke korar ta daga aiki?

Ta danna maɓallin komawa baya, ta shiga hotunan da aka naɗa. Jiya. Shekaranjiya. Kwana uku baya. Inuwar ba ta fita sosai, yashi ya cinye ta. Amma agogon da ke gefen allon ba ya ɓoye komai. Kullum da safe hoton da dama-dama. Biyu da kwata na rana na yi sai ya haukace. Uku saura kwata ya lafa.

Daidai lokacin barcin Umma.

Ta saci kallon jaridar. Baba ya ƙara ɗaga ta sama.

"Kin ga wani abu?" Umma ta tambaya.

"Tukuna." Ta mayar da wayoyin gurbinsu ta miƙe. "Saura in bi wayar tun daga nan har jikin kyamara. Umma, ki zauna nan, kada ki ɗaga. Da hoton ya washe ki ƙwala min kira."

"Rana ta yi zafi," in ji Baba. "Ki bari sai..."

"Akwai inuwa a baya."

Ya ninke jaridar da hannu ɗaya.

"To tura ni. Ba zan bari ki hau tsani ba babu mai duba aikinki."

*

Ta tsayar da kekensa a inuwar katanga, ta taka birki.

Ba ta buƙaci tsani ba ma kafin ta gani.

Ita ta ja wayar nan da kanta. Daga tagar kicin ta bi da ita jikin katanga daidai kafaɗa, ta kafe ta da 'yan maƙalai duk bayan kamu ɗaya, miƙe sambal har kusurwar da kyamarar take. Yanzu rabin maƙalan sun fita. Wayar ta yi ciki, ta saki. Farar rigar wayar ta yi duhu wuri-wuri, shatin yatsu, taku ɗaya tsakanin wannan da wancan.

A jikin simintin kuma ga wasu 'yan zane-zane da aka karta da bakin makulli. Na farko dab da inda keken ke tsayawa. Na gaba ya ɗan matsa. Na gabansa ya ƙara matsawa. Na ƙarshe ya wuce rabin katangar.

Ta kasa juyowa.

Ta jingina tsani ta hau. Kan wayar da ke shiga kyamarar ya kusa zarewa, jan ƙarfen ya fito ya yi kore. Ta yanke, ta fere sabon wuri, ta sa sabon kai, ta matse.

"Umma! Ya washe?"

"Ya ɗan rage!" muryar Umma ta fito ta tagar kicin daga nesa. "Amma har yanzu da yashi!"

Ta sauko ta ci gaba da bin wayar da yatsa. A tsakiyar katangar ta tarar da shi. Baƙin salatif, an naɗe shi a karkace, an lanƙwasa ƙarshensa don a ji daɗin warewa.

Mutum ɗaya ta sani a duniya mai lanƙwasa ƙarshen salatif haka.

"Baba."

"Na'am."

"Kyanwar nan ta iya naɗin salatif."

Baba ya sunkuyar da kai.

"Har da lanƙwasa baki."

"Rage murya, don Allah."

Ta juyo. Idonta ya riga ya cika.

"Wayar kyamara ce fa, Baba! Ba ƙarfe ba ce, ba igiya ba ce. Ko jakata na rataya a jiki sai ta tsinke. Kai ka ɗora mata nauyinka gaba ɗaya? Da ta tsinke fa?"

"Ai ta tsinke. Wa kike zaton ya ɗaura?"

"Da hannu ɗaya?"

"Da hannu ɗaya da haƙori."

Ta rasa kuka za ta yi ko dariya. Ta tsugunna gaban keken.

"Ka faɗi?"

Ya kau da kai. "Sau biyu."

"Innalillahi. Wa ya ɗaga ka?"

"Wa kuwa? Na ja jiki na kama taya. Na farkon na yi minti goma. Na biyun ban kai haka ba."

"Baba, me ya sa? Me ya sa ba ka faɗa min ba? Me ya sa ba ka faɗa wa Umma ba?"

"In faɗa wa uwarki?" Ya yi 'yar dariya ta gefen baki ɗaya. "Kin manta? Tun da na zame a banɗaki wata uku da suka wuce, ta sallami mai gasa min ƙafa. Bawan Allah yana cewa Malama ki bar shi ya gwada, ita tana buɗe masa ƙofa. Yanzu ko kofi na miƙa hannu zan ɗauka sai ta riga ni."

"Tsoro take ji."

"Na sani. Ni ma shi nake ji. Amma idan tana kallona ba zan iya ba. Da na ga fuskarta ƙafar ke mutuwa."

Injiniya ta miƙe ta koma jikin katangar, don kada ya ga hawayenta. Ta shiga ware salatif ɗin. A ciki wayar a murɗe take, zare biyu-uku kaɗai ke riƙe da juna. Ta yanke ɓangarorin biyu ta fara ferewa.

"Saurin me kake yi? Likita ya ce a hankali."

"Ƙarshen wata."

"Me zai faru ƙarshen wata?"

Ya gyara zama a keken.

"Shugabar makarantar uwarki ta kira sau uku. Hutun da suka ba ta ya ƙare. Ko ta koma ƙarshen wata, ko su ba wani ajinta."

Hannun Injiniya ya tsaya.

"Ba ta faɗa min ba."

"Ba za ta faɗa ba. Ta riga ta rubuta takardar ajiye aiki. Tana cikin durowa, ƙarƙashin kwalin magungunana. Ta ɗauka don hannuna ya mutu idona ma ya mutu."

"Baba..."

"Shekara ashirin da shida tana riƙe da alli. Huɗu suka rage ta yi ritaya a yi mata taro a tafa mata. Ta watsar saboda ni? Saboda ta riƙa kai ni banɗaki?" Ya girgiza kai. "Kin san rannan me na ji? Tana kicin ita kaɗai, tana wanke-wanke, tana karanta wa tukwane jadawalin bakwai. Bakwai sau shida, ta yi shiru, tana jiran amsa."

Injiniya ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

"Suka amsa?"

"Ni na amsa daga falo. Ta ce ban ɗaga hannu ba."

Ta share fuska da bayan hannu, ta sa kawuna a ɓangarorin wayar biyu, ta ɗauko mahaɗi daga aljihu.

"Ba gudu nake so in yi ba, Injiniya. Ba tsani nake so in koma hawa ba, na san wannan ya wuce. Daga gado zuwa banɗaki. Daga falo zuwa kicin. Shi ke nan. Ranar da na yi wannan a gabanta, ba ta da sauran hujja. In ce mata Malama ɗauki jakarki, yara na jira."

"Da ka bari na kafa maka abin riƙewa na ƙwarai."

"Ta tambaya na mene ne fa?"

"In ce na shanya ne."

"Shanya a jikin katanga? Uwarki malamar lissafi ce, ba ƙaramar yarinya ba."

"To gobe zan zo da bututun ƙarfe. In ce na rufe waya ne, don kada rana ta ci ta. Wannan ai gaskiya ce."

Ya dube ta, idonsa na ƙyalli. "Ashe na iya tarbiyya."

"Amma da sharaɗi. Ba za ka ƙara tashi ba sai ina nan. Zan riƙa rufe shago biyu saura in zo."

"Kwastomominki fa?"

"Su jira."

"Kuma ba za ki faɗa mata ba."

Yatsunta na murɗa mahaɗin, hankalinta ba ya kai.

"Tana zaton ɓarawo ne, Baba. Jiya ba ta runtsa ba, na gani a idonta."

"Kwana goma kawai. Ki ce kin duba kin ga inuwar tufafi ce."

"Ban taɓa yi mata ƙarya ba."

"Kin taɓa. Ranar da kika ƙona mata dutsen guga kika ce ni ne."

"Kai ka ce in ce kai ne!"

"To yau ma ni na ce."

Ta sauke numfashi. Ta saki wayar.

"Nuna min."

"Me?"

"In gani da idona. Idan na ga za ka iya, na yi shiru. Idan na ga ganganci ne, yanzu zan shiga in faɗa mata."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sauke ƙafar dama daga matakin keken. Ya sa hannu ya ɗago ta hagu ya ajiye ta a ƙasa kamar kayan wani. Ya matso bakin kujera.

"Kada ki kama ni."

"Ba zan kama ba."

Ya dafa hannun keken. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa.

Ya miƙe.

Injiniya ta toshe bakinta.

Wata biyar tana sunkuyawa idan za ta yi masa magana. Ta manta cewa ɗaga kai ake yi a kalli Baba.

Ya kai hannu ya dafa katangar, yatsunsa suka kama wayar. Ya jefa ƙafar dama. Ya jawo ta hagu, tana karta ƙasa. Ɗaya. Ya huta. Biyu. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Uku. Huɗu.

"Kin gani?" ya ce yana haki. "Jiya tara na yi. Da ba ta fito ba da na..."

Ya tsaya. Idonsa na kan wayar, daidai inda salatif ɗinsa yake a da. Sabon mahaɗi na sheƙi a wurin, a ɗaure tamau.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Kin haɗa wannan?"

Ta kalli mahaɗin. Ta kalli hannunta. Ta ɗaga kai ta kalli kyamarar da ke kusurwa, idon kyamarar na kansu.

Baba ya rage murya.

"Tun yaushe?"

"Tun... tun kana maganar dutsen guga."

"Kuma uwarki na ina?"

Ta waiga ta kalli ƙofar kicin.

Ƙarar makullin kicin suka ji. Ƙaras. Ƙaras. Ƙofar ta buɗe.

Umma ce. Babu takalmi a ƙafarta, rimot na hannunta.

Ba ta yi ihu ba. Ba ta rugo ba. Ta tsaya a bakin ƙofar tana kallon mijinta a tsaye, tun daga ƙafa har kai.

"Hoton ya washe," ta ce.

Babu wanda ya motsa.

"Malama, bari in yi miki bayani..."

"Sati nawa?"

"Uku."

"Ka faɗi?"

Ya kalli Injiniya. Injiniya ta kalli ƙasa.

"Kai nake tambaya, Baban Injiniya."

"Sau biyu."

Umma ta lumshe ido. Injiniya ta matsa za ta riƙe ta, Umma ta ɗaga mata hannu.

Ta sunkuya ta ajiye rimot a kan dakali, a hankali kamar ƙwai. Ta tako cikin farfajiyar, simintin da zafi amma ko a jikinta. Ba ta nufi wajensa ba. Tsakiyar fili ta je ta tsaya, inda babu katanga, babu keke, babu abin dafawa ko ɗaya.

Taku biyar tsakaninsu.

"Saki wayar nan," ta ce. "Yarinya ta sha wahalar gyara ta."

"Malama, ban taɓa yi ba babu..."

"Saki."

Yatsunsa suka buɗe ɗaya bayan ɗaya.

Ta miƙa masa hannuwanta biyu. Hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba.

"Zo."

Ya jefa ƙafar dama.

Ɗaya.

Ya jawo ta hagu. Jikinsa ya yi tangaɗi, ya daidaita.

Biyu.

"Ni za ka kalla, ba ƙasa ba."

Ya ɗago ya kalle ta.

Uku.

A na huɗu gwiwarsa ta hagu ta lanƙwashe.

"BABA!" Injiniya ta zabura.

"Kada ki taɓa shi!" Umma ta daka mata tsawa. "Na ce kada ki taɓa shi!"

Baba ya tafi gaba gaba ɗayansa, hannunsa na dama a miƙe, saura kamu ɗaya tsakanin yatsunsa da nata.